Doka ta hana, in ji mai riƙon kaya

A farkon 2024 ƴan ƙasar Cili suka cika shafin Instagram na British Museum, babban gidan kayan tarihi na Landan, da magana guda: a maido moai. Ko hoton mi gidan ya sa, amsar ke nan. Da abin ya yi yawa, sai masu gidan suka toshe hanyar mai da magana a ƙarƙashin wani hoto.

Moai mutum-mutumi ne na dutse da mutanen tsibirin Rapa Nui suka sassaƙa don kakanninsu. Wanda ake ja a kansa, Hoa Hakananai'a, ya kai tan 4. Sojan ruwan Ingila suka ɗauko shi a 1868, aka miƙa wa Sarauniya Biktoriya, ita kuwa ta ba gidan. A 2018 gwamnar tsibirin ta taka har Landan ta roƙa da hawaye. Dutsen na nan inda yake.

Akwai dokar 1963 da ta hana gidan rabuwa da kayansa, in ba bisa ƴan sharuɗɗa kaɗan ba. Ban musa ba. To amma wa ya rubuta ta? Majalisar ƙasar da ta ɗauko dutsen. Kamar mutum ya ja akuyarka cikin gidansa, ya kulle, ya sa makulli aljihu, kana ya rantse maka ƙofa ba ta buɗuwa. Bai yi ƙarya ba fa! Faransa ma ta daɗe tana faɗin haka, sai ga shi ta yi sabuwar doka a 2020, ta mayar wa maƙwabciyarmu Benin kaya 26 a 2021.

Ina tausayin ma'aikacin da ke riƙe da shafin, don ba shi ya kai jirgi tsibirin ba, kuma ba shi da ikon sakin ko tsakuwa. Har cikin tsibirin akwai masu ganin dutsen ya fi samun kulawa a Landan.

Abin da ya tsaya mini shi ne toshewar. Dokar ta ɗaure hannun gidan, ban ga inda ta ɗaure bakinsa ba. Ba ta hana a rubuta layi biyu a ƙarƙashin hoton nan, a ce an ɗauko dutsen ba da yardar masu shi ba, kuma za a kai maganar majalisa.