Ɗana, Kafin Ka Biya Kuɗin Babban Babur

Ɗana, na san abin da ke ranka. Ka kwana biyu kana hawa Boxer ko Haojue, hannunka ya faɗa, titi ya daina ba ka tsoro, yanzu idonka ya koma kan manyan baburan nan da samari ke fitowa da su da yammacin Lahadi, waɗanda ake jin kukansu tun daga nesa. Ba zan hana ka ba. Idan kuɗinka ne na halal, kana da damar ka more shi. Amma zauna mu yi magana a kan wanda za ka saya, domin a wajen zaɓen nan ne yara da yawa suke yi wa kansu ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Kada lambar cc ta ruɗe ka. Dillali zai nuna maka babura biyu, ya ce wannan 600 ne, wancan 650, sai ka ɗauka na 600 ɗin ya fi sauƙin hali. Yamaha R6 da Honda CBR600RR duk 'yan 600 ne, amma injinsu mai silinda huɗu ne, don filin tsere aka ƙera su, kuma ƙarfinsu ya kusa na doki 120. Suzuki SV650, da lambarsa ta fi tasu girma, silinda biyu gare shi, ƙarfinsa doki 70 da 'yan kai. Boxer 150 ɗin da ka saba da shi kuwa wajen doki 12 ne. Ka ga ke nan wanda ya sauka daga Boxer ya hau R6 ya ninka abin da ke hannunsa sau goma a wuni ɗaya, tamkar wanda ya iya hawan jaki aka ɗora shi a kan ingarman da ba a gama horarwa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da irin waɗannan baburan shi ne yadda suke yaudarar mai hawa. Idan injin yana juyawa a hankali, lafiya lau suke tafiya, har ka ce ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba. Sai allurar ta haura juyi 10,000 a minti ɗaya, ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Idan a daidai lokacin ka faɗa rami hannunka ya murɗa totur ba da niyya ba, babur ba zai jira ka gyara ba. Ga zamansu na kifa ciki, nauyinka duk a kan wuyan hannu, juya kan babur a lungu wahala, waiwaye ma wahala.

Turawan da suke da tituna masu kyau ma ba su yarda matashin mahayi ya fara da irin wannan ba. Tun Janairun 2013 ƙasashen Tarayyar Turai suke aiki da sabon tsarin lasisi mai mataki-mataki. Matashin da ke da lasisin A2 ba zai hau babur da ya wuce kilowat 35 ba, wato kimanin doki 47, sai ya shekara biyu a kai, ko kuma ya kai shekara 24, kafin a ba shi damar neman babban lasisi. Saboda wannan dokar ce kamfanoni suka ƙera babura daidai wannan iyaka. Honda CB500F, mai cc 471, doki 47 ne. Kawasaki Ninja 400 wajen 45. KTM 390 Duke, wanda kamfanin Bajaj mai yin Boxer ɗinka yake haɗawa a Indiya, ya ɗan haura 40. Kowanne a cikinsu zai wuce gudun da doka ta yarda da shi a hanyar Kano zuwa Zariya ba tare da ya yi nishi ba. A cikin wannan sahu nake so ka zaɓa. SV650 da Yamaha MT-07 babura ne masu kyau, amma a wurina su ne bakin iyaka, kuma na wanda ya riga ya iya kame hannunsa ne.

Sai nauyi, wanda kusan babu mai tambaya a kansa. Boxer kilo 120 da ɗoriya ne. Ninja 400 kilo 168, CB500F wajen 190, SV650 ya kusa 200. A guje ba ka jin wannan nauyin. A tsaye kake jin sa, lokacin da mai a-daidaita-sahu ya yanko gabanka ka sa ƙafa a kan yashi ta zame. Don haka kafin ka yi ciniki, hau ka zauna. Ka tabbata ƙafafunka biyu suna dafa ƙasa sosai. Sauko ka tura shi gaba, ka ja shi baya, ka juya shi a tsakar gida. Idan ka ji yana rinjayarka alhali injin a kashe yake, bar shi, komai kyansa.

Maganar birki ita ce wadda nake roƙonka ka riƙe ko da za ka manta da sauran. Yawancinmu a kan ƙananan babura muka koyi tuƙi, muka saba da taka birkin baya, muna gudun na gaba wai yana kayar da mutum. A babban babur akasarin tsayawa a birkin gaba take, domin da ka kama birki nauyi yana komawa kan tayar gaba. Wanda ya dogara da ƙafarsa kaɗai ba zai tsaya a kan lokaci ba, wanda kuma ya damƙe na gaba a firgice tayar za ta kulle ya sha ƙasa. Na'urar ABS maganin wannan take yi: tana jin tayar za ta kulle, ta saki ta kama sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Turai ta wajabta ta a kan sababbin baburan da suka haura cc 125, Indiya ma ta bi sahu a 2019. Idan ka sami biyu iri ɗaya, mai ABS ya fi tsada, biya. Ka kuma riƙe wannan lissafin: a gudun kilomita 100 a awa kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkuwa take yi sau huɗu. Saniyar da ta fito daga bayan tirela ba ta san wannan ba.

Dubi hanyar da za ka riƙa bi. Idan akwai ramuka da burji a tsakanin gidanka da wurin aikinka, babur mai tsayi daga ƙasa kamar Honda CB500X ya fi maka wanda aka lulluɓe da roba har ƙasa, wanda faɗuwa ɗaya za ta farfasa shi.

Tun da da wuya ka sayi sabo fil, ka tafi da bakanike wanda ya san manyan babura, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da injin da sanyinsa a gabanka. A duba ƙafafun gaba ko suna yoyon mai, a duba lagireto, a duba sarƙa da haƙoranta, a duba ƙarshen hannuwa da matakan ƙafa, nan ne tabon faɗuwa yake ɓuya. Lambar da ke jikin babur ta yi daidai da ta takardun kwastam. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe, ko da zanenta bai cinye ba, sai ka sa kuɗin sabuwa a lissafi. Ka tambayi kanka kuma, a garinku wa ke sayar da kayan gyaransa? Waɗannan injunan ba kafireto gare su ba, famfo da kwamfuta ke ba su mai, kuma man bumburutu mai datti yana toshe su. A gidan mai za ka riƙa sha.

Kada ka zuba duk kuɗinka a babur ka ce hular kwano sai wata ya yi. Ware kuɗin hula mai rufe haɓa, sabuwa, daidai kanka, da safar hannu, da riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Na san zafin Afrilu, amma akwai masu raga da iska ke ratsawa. Ka je ka yi lasisinka na rukunin A yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tanada.

Ranar da ka kawo shi gida, abokai za su taru, kowa ya ce a ɗana shi. Ka ba su haƙuri. Nemi fili da sassafe ka koyi tsayawar gaggawa da birki biyu, daga gudun 30, sannan 50, ka koyi juyawa a hankali da kuloci ba tare da ka sauke ƙafa ba. Watannin farko kada ka goya kowa, kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka shiga ayarin masu gudu, domin a cikin ayari mutum yakan bi na gabansa ya shiga kwana da gudun da bai iya ba. Idan za ka fita gari, ka gaya wa mahaifiyarka inda ka nufa da lokacin da za ka dawo.