Baƙo Yana Iya Zama Jagora?

Mutanen Japan suna da majigin zane da ake kira anime. Wani mai zane, Akira Toriyama, ya fara labarin Dragon Ball a takarda cikin 1984. An fara nuna shi a talabijin cikin 1986.

Cikin labarin akwai Pikolo. Jikinsa kore ne, asalinsa daga wata duniya. Da can abokin gaban jarumi Goku ne. Da Goku ya mutu, sai Pikolo ya ɗauki ɗan marigayin, Gohan, yaro mai shekara 4. Ya bar shi cikin daji wata 6, sannan ya koya masa faɗa. Ba ƙauna ta sa shi ba, ƙarfin yaron yake bukata.

To, irin wannan ya cancanci a kira shi jagora? Wasu za su ce a'a: baƙo ne, kuma hali zanen dutse. Gaskiya ne barin yaro cikin daji ba tarbiyya ba ce. Amma zama da yaron ya sake masa zuciya. Ranar yaƙi, da aka harbo wa Gohan wuta, Pikolo ya tare ta da jikinsa, ya rasa ransa.

Pikolo yana sa farin rawani da alkyabba, masu nauyi ƙwarai. Haka shugabanci yake, kaya ne. In za ku zaɓi shugaba, kada ku tsaya kan asalinsa. Ku dubi wanda zai tare muku wuta ranar wahala.