Ƙasarun Mai Jirgi da Gumin Manomi

Tsakanin filin jirgin Damagaram da na Diori Hamani a Yamai akwai tazarar sama da kilomita 700 ta sama, jirgi mai farfela kuma yakan cinye ta cikin wajen awa 2. Mai mota kuwa sai ya bi kwalta kusan kilomita 900, ta Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya tashi kafin asuba ya sauka da dare, ƙafafu a kumbure. Mu mutanen Dungu wannan ta biyun muka fi sani. Shi ya sa tambayar ba ta ƙarewa a zaurukanmu: ta yaya wanda ya kishingiɗa a kujera awa 2 zai mayar da Azahar raka'a 2, daidai da wanda ya yini a hanya?

A Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda muka karanta a gaban malamanmu, iyakar tafiyar ƙasaru baridi 4 ce, wato mil 48, abin da malaman yanzu ke ƙiyastawa da kilomita 80 da ɗoriya. A da, tafiyar yini 2 ke nan ga raƙumi mai kaya. Jirgi yakan wuce wannan iyaka tun fasinja bai gama daidaita zama ba.

Wanda ya fi tsananta mini wannan tambaya ƙanen mahaifina ne, mai fadamar rake. Ya ce, "Ɗana, ni da nake duƙe da hauya tun hantsi, rana tana dukan ƙeyata, huɗu nake yi cif. Alhajin da ke shan sanyi a sama shi aka yi wa rangwame?" Maganarsa tana da nauyi, ban kuma ɗauke ta da wasa ba.

Abin da na gamsu da shi shi ne, shari'a ta rataya ƙasaru a kan tafiya domin tafiya tana da ma'auni, gajiya kuwa ba ta da shi. Abin da zai kayar da tsoho, saurayi ko a jikinsa. Da an bar wa kowa ya auna wahalarsa, da rago ya rage kullum, mai tsantseni kuma ya ƙuntata wa kansa har ya galabaita.

Tun zamanin sahabbai an yi irin wannan mamaki. Aya ta 101 a Suratun Nisa'i ta ambaci ƙasaru tare da tsoron abokan gaba. Da aminci ya samu, Ya'ala ɗan Umayya ya tambayi Sayyidina Umar dalilin ci gaba da ragewa. Umar ya ce shi ma ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa masa cewa sadaka ce daga Allah, a karɓa. Muslim ne ya ruwaito.

Sadaka ba ladan aiki ba ce, balle a ce sai wanda ya jigata zai karɓa. Matafiyi kuma ko a sama yake baƙo ne: ya bar iyali, bai san alƙiblar masauki ba, bai san inda zai sami ruwan alwala ba.

Don haka na ce wa Baffa, mai jirgi ya yi biyunsa da godiya, kada ya mayar wa Allah kyautarsa. Shi kuma Baffa guminsa a rubuce yake wurin wanda ba ya tauye ladan kowa, ranar da ya kama hanyar Kano ta Ɗan Barto shi ma rangwamen nasa ne.