Mudun Malami

A ƙarshen kowane zangon karatu, bayan ɗalibai sun watse, malami kan zauna shi kaɗai da jan biro da tulin takardu. A wannan zama ne ake yanke hukuncin da zai bi yaro gida, wani lokaci ma ya bi shi har girmansa. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, mu da ke riƙe da wannan biro, ita ce: shin me muke zubawa a cikin makin da muke rubutawa a katin sakamako?

A da, jarrabawar ƙarshe ita ce babban alƙali. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ce ta kawo tsarin auna ɗalibi a kai a kai, aka kuma ƙarfafa shi da zuwan tsarin 6-3-3-4 a 1982. Daga nan makarantu da dama suka ware kashi 30 ko 40 cikin ɗari ga gwaje-gwajen aji da aikin gida, saura kuma ga jarrabawa. Hikimar a fili take, domin bai dace zazzaɓin yini guda ya rushe wahalar wata uku ba. Sai dai wannan kaso ya zama fagen da ba mai sa wa malami ido sai zuciyarsa.

Alal misali, mu ɗauki yara biyu a ajin da makin ci yake 40. Ta farko mai ladabi ce, ba ta fashi, ita ke goge allo, amma ta tashi da 37. Na biyu fitinanne ne, ga makara ga tsaurin ido, amma ya sami 70. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin hannunsa na ƙaiƙayin ƙara wa yarinyar uku, ya zabge wa yaron biyar ba? Mukan kira wancan tausayi, wannan kuwa tarbiyya.

A ganinmu, duka biyun algus ne, domin maki shaida ce. Uban da ya ga 40 a gaban Lissafi ya ɗauka 'yarsa ta iya lissafi ne, ba gaisuwa ba, saboda haka ba zai nema mata taimako ba. Ranar da ta zauna jarrabawar WAEC, inda mai duba takarda bai san fuskarta ba, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Shi kuwa yaron, darasin da muka koya masa shi ne gaskiya tana bin ra'ayin mai iko.

Wannan ba ya nufin ladabi da ƙwazo ba su da daraja. Tun a 1956 masanin nan na Amurka, Benjamin Bloom, da abokan aikinsa suka kasa manufofin koyarwa gida uku: na ƙwaƙwalwa, da na ɗabi'a, da na aikin gaɓɓai. Katunan makarantunmu da yawa sun bi wannan rabo, suka ware gurbin tsafta da zuwa kan lokaci da ladabi. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Laifinmu shi ne kwashe na wannan gurbi mu zuba a wancan.

Bugu da ƙari, ko aikin gida abin tuhuma ne. Yaron da ya yini talla ya kwana ba fitila, da wanda yayansa ya rubuta masa, idan muka ba wancan sifiri muka ba wannan goma, gidajensu muka auna, ba fahimtarsu ba.

To, ina matsayin tausayi? Yana da lokacinsa, wato kafin a ɗauki jan biro. Mai tausayin yarinyar nan shi ne wanda ya lura da rauninta tun a makon farko, ya maimaita mata darasi, ya sake gwada ta, ya kuma buɗe wannan ƙofa ga kowa a ajin. Haka kuma ya wajaba mu nuna wa ɗalibai mudunmu tun farkon zango, kada mu sauya shi bayan mun ga fuskar mai saye. Maki ukun nan ba su da nauyi a bakin biro, amma yarinyar ce za ta ɗauke su, ba mu ba.