Ubangida Mai Kai Dubu: Tunani Kan Rangadin Star Academy

Wanda ya shiga ɗaya daga cikin manyan zaurukan kiɗa na Faransa da ake kira Zénith, a daren da ƴan Star Academy suka zo rangadi, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne tafi yana riga waƙa. Saurayi ya ɓullo bisa dandamali, ko baki bai buɗe ba, dubban mutane sun miƙe suna kiran sunansa kamar ɗan da aka raɗa wa suna a gidansu. Zauren Paris kaɗai yana cin mutum wajen 6,000. Da wuya a samu wanda ya taɓa gaisawa da yaron a cikinsu, amma sun san ranar da ya yi kuka, sun san malamar da ta tsawata masa.

Asalin wannan sabo talabijin ne. A watan Oktoba na 2001 tashar TF1 ta tara samari da ƴan mata a wani katafaren gida da ke Dammarie-les-Lys, kudu da Paris, ana koya musu waƙa da rawa, kamara tana bin su dare da rana. Kowane mako sai a sallami ɗaya, masu kallo kuwa su ceci wanda suke so ta kiran waya ko saƙon SMS da suke biya da kuɗinsu. Idan gasa ta ƙare, waɗanda suka fi daɗewa a gidan sai su zagaya birane suna wasa. TF1 ta dakatar da shirin a 2008, ta dawo da shi a 2022.

To, mutumin nan da ya yi watanni yana jefa ƙuri'a, yau ga shi ya sayi tikiti ya zauna, mene ne matsayinsa ga mawaƙin? A zuciyarsa yana jin shi ya yi yaron, kuma ba ƙarya yake yi ba: da babu saƙonsa da na ire-irensa, da tuni an sallame shi. Ya ɗaukaka wani, yana kuma jiran a faranta masa. A ƙasar Hausa mai irin wannan matsayi yana da suna, shi ne ubangida.

Sai dai ubangidan makaɗi ba jin daɗi kawai yake yi ba, kaya ne a kansa. Sarkin da Narambaɗa ya yi wa kiɗa a Isa, nauyin riga da doki da hatsi yana wuyansa, shekarar da murya ta yi zaƙi da shekarar da ta dushe. Basaraken da ya bar makaɗinsa cikin tsumma, shi za a yi wa dariya, ba makaɗin ba. Shi ma makaɗin ba a dare ɗaya yake tsayuwa gaban jama'a ba. Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya. Ba a cewa wannan tsari ba shi da aibi, domin ya sha sa makaɗi yabon wanda bai cancanci yabo ba. Amma aƙalla akwai mutum guda, mai suna da ƙofar gida, wanda za a iya tambaya: ina makaɗinka?

Ubangidan talabijin kuwa kai dubu gare shi, ba a san ƙofar gidansa ba. Magalie Vaé ta ci gasar 2005 da ƙuri'ar jama'a, a zamanin da ladan nasara yake kwangilar euro miliyan 1, wato wajen sefa miliyan 656. Da faifanta ya fito, jama'ar da ta zaɓe ta ba ta saya ba yadda aka zata, hulɗarta da kamfanin ma ba ta yi nisa ba. Babu wanda ya ci amanarta, domin babu wanda ya yi mata alkawari. A nan ne abin yake da ciwo: kowane mai ƙuri'a rabonsa na alhaki ƙanƙane ne har bai ji nauyinsa ba, ita kuwa rayuwarta ce sukutum aka juya. Olivia Ruiz, wadda aka fitar a gasar farko kafin zagayen ƙarshe, faifanta na 2005, La Femme chocolat, ya haura miliyan. Ashe ƙuri'ar ba waƙa take aunawa ba, labarin da aka fi so a wannan mako take aunawa.

Duk da haka zalunci ne a ce ƙaunar taron nan ta bogi ce. Grégory Lemarchal, wanda ya yi nasara a 2004, yana fama tun haihuwa da ciwon da Faransawa ke kira mucoviscidose, mai toshe huhu da majina. Ya yi rangadin 2005, ya rasu ranar 30 ga Afrilu 2007 yana da shekara 23. Mutanen da suka tafa masa sun ba da kuɗi masu yawa don yaƙi da cutar, ƙungiyar da iyayensa suka kafa da sunansa kuma ta ɗore. Taro yana iya riƙe amana, idan aka nuna masa inda zai aje ta.

Shi ya sa daren rangadi yake da daraja fiye da yadda masu raina shirin suke zato. A zauren babu ƙuri'a, babu wanda za a sallama. An karɓe sandar hukunci daga hannun mai kallo, abin da ya rage masa kunne ne. Babu mai tace hoto da zai zaɓa masa hawayen da zai gani. Idan numfashi ya gaza wa mawaƙiya a tsakiyar baiti, kowa ya ji, idan ta farfaɗo ta kai ƙarshe, wannan ma nata ne. Ga su yaran kuwa, hawa dandamali dare bayan dare, gari bayan gari, shi ne zaman amshin da aka tsallake da su, sai dai ya zo a makare, bayan suna ya riga gwaninta. Mai kallon da ya yi ta ihu daga farko har ƙarshe bai ji komai ba, labarin da ya zo da shi daga gida ya koma da shi. Wanda ya yi shiru ya saurara, shi ne zai san ko muryar nan ta cancanci ya sake biyan kuɗi dominta bayan shekara biyar, ranar da babu tambarin talabijin a jikin takardar sanarwa.

A 2024 bakwai daga cikin ɗalibai 13 ne suka yi rangadi, har da Pierre Garnier, gwarzon gasar, zauruka suna cika maƙil. Kafin shekarar ta fita, a watan Oktoba, an riga an buɗe wa sababbin ɗalibai ƙofar gidan Dammarie-les-Lys.