Tekun da ke Ƙarƙashin Sakkwato

A Kalambaina, kusa da Sakkwato, dutsen da ake haƙowa don yin siminti cike yake da ɓawon halittun teku. A yankin Goronyo ma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa. Masana sun ce teku ya taɓa kwanciya a can, fiye da shekara miliyan 50 da suka shige.

Ɗalibanmu na Jami'ar Bayero sukan komo Sabon Gari da Fagge da wannan labari, wasu dattawan ikkilisiya kuwa su ce musu: ko dutse, ko Littafin Farawa. 'Yan'uwa, wa ya jera duwatsun nan? Wanda bai yi ƙarya cikin Maganarsa ba, zai binne ƙarya cikin ƙasa? Tsorona yaron da muka tilasta wa zaɓi ne. Ba ya gardama, sai dai ran Lahadi a ga gurbinsa ba kowa.