Ɗalibin Da Ya Ɗaga Wa Malaminsa Hannu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɗaukaka ilmi, ya kuma ɗaukaka ma'abutansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, malamin malamai, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, zancenmu na wannan mako a kan wata musiba ce wadda a da ko a tatsuniya ba a faɗinta, watau ɗalibi ya doki malaminsa, wani sa'i ma uban yaron na biye da shi riƙe da gora. A shekarar 2021 abin ya yi ƙamari a Jihar Ogun, inda aka yi ta samun ɗalibai suna dukan malamai, waɗansu har da gayyato 'yan iska daga cikin gari, sai da gwamnatin jihar ta sa iyaye su sa hannu a takardar alkawari cewa 'ya'yansu za su kiyaye doka. A cikin wannan shekara dai, a garin Abraka na Jihar Delta, wani ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare ya far wa malamin da ya yi wa ƙanwarsa bulala, malamin kuwa bai tashi ba.

Kada wani ya ce wannan halin mutanen Kudu ne. A watan Maris na 2007, a wata makarantar sakandare ta gwamnati a garin Gombe, ɗalibai suka taru suka kashe wata malama Kirista da aka sa tsaron jarrabawa, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani. Ba alƙali, ba shaidu, ba bincike. Waɗannan yara sun zaci addini suke karewa, alhali littafin da suka ce suna kishi shi ne ya umurce mu, a cikin Suratul Hujurat, da mu bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu koma muna nadama, shi ne kuma ya daidaita kashe rai ɗaya ba bisa hakki ba da kashe mutane duka, a cikin Suratul Ma'ida. Zartar da hukunci aikin hukuma ne, babu malamin fiƙihu da ya taɓa miƙa shi ga taron yara.

In ka bi diddigin irin waɗannan labarai, kullum za ka tarar da wani ƙorafi a gindinsu. An yi mini bulala, an aske mini kai a gaban jama'a, an ƙwace mini waya, an hana ni satar amsa. Wani ƙorafin gaskiya ne, wani kuwa kunya ma ya kamata mai shi ya ji. Shari'a ba ta ce malami ba ya zalunci ba. Abin da ta yi shi ne ta yi wa bulalarsa iyaka, ta buɗe wa wanda aka zalunta ƙofar kai ƙara, sa'an nan ta rufe ƙofar ramuwar gayya. Mu kuwa yau mun manta da iyakar, mun ƙyale buɗaɗɗiyar ƙofa, muna ta ɓalle rufaffiyar.

Bari mu fara da iyakar, domin malamai da yawa ba su san da ita ba. Muhammadu ɗan Sahnun, babban malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi mai suna Adabul Mu'allimina a kan ladubban masu koyar da yara. Mahaifinsa shi ne Sahnun mai Mudawwana, saboda haka ba baƙo ba ne a zaurukanmu. A cikin littafin ya nuna cewa horo don amfanin yaro ake yinsa, ba don malami ya huce haushinsa ba, kada ya wuce bulala 3 sai da iznin uba, ko da iznin kuma ba a wuce 10, ba a dukan kai, ba a dukan fuska. Malaman mazhabarmu sun ƙara da cewa wanda ya ƙetare haddi har ya ji wa yaro rauni, to, akwai lamuni a kansa. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali guda a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa kan koya wa yaro ƙarya da munafunci da kasala. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labari a hadisin da Muslimu ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. To, malamin da ya shigo aji da fushin albashin da ba a biya ba, ya sauke shi a gadon bayan ɗan wani da wayar lantarki, ya sani ba sunna yake bi ba. Inda kuma hukuma ta hana bulala a makarantu ɗungum, kamar Jihar Legas, bin wannan doka ya zama wajibi a kansa.

Amma kuskuren malami ba ya halatta wa ɗalibi ya ɗaga masa hannu. Ku dubi ƙissar Annabi Musa, alaihis salamu, da bawan Allah Halliru a cikin Suratul Kahfi. Musa ya ga malaminsa ya huda jirgin talakawa, ya ga ya kashe yaro, abubuwan da a zahiri babu mai iya haƙuri da su. Musa kuwa ba rarrauna ba ne, Suratul Ƙasasi ta ba mu labarin ƙarfin naushinsa. Duk da haka da baki ya yi inkari, da aka tuna masa da alkawarinsa ya ba da hanzari, da tafiya ta ƙi kuma suka rabu bayan an yi masa bayani. A nan ƙasarmu ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai, ya rubuta saɓanin a fili, amma bai fasa yabonsa da ambaton falalarsa a kansa ba. Saɓani da malami halal ne, ƙorafi a kansa halal ne, cin mutuncinsa kuwa haram.

Nauyin da ya fi girma yana wuyan uba. Yaro ɗan shekara 15 ba ya tunkarar malami da duka sai ya tabbata akwai mai ɗaure masa gindi a gida, ko kuwa ya sha jin ana zagin malaman nan a tsakar gida ana cewa matsiyata ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A hadisin Anas da Buhari ya ruwaito, Annabi ya umurce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, ya kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zalunci. Sa'ad da aka nemi ya yi sassauci ga matar nan ta Banu Mahzum da ta yi sata, ya rantse cewa ko 'yarsa Faɗima ce sai hukunci ya hau kanta. Ina uban da ya fi shi son 'ya'ya?

Saboda haka idan ɗanka ya dawo da kuka, ka saurare shi, ka duba jikinsa, amma kada ka yanke hukunci da jin baki ɗaya. Ka kwana tukuna. Da safe ka tafi wurin shugaban makaranta, kai kaɗai ko da wani dattijo, ba tare da yaron yana tsaye yana kallon ana ɗaga wa malaminsa murya ba. In ba a share maka hawaye ba akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, in rauni ne kuma akwai kotu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar gora.

Su ma shugabannin makarantu akwai gyara a wajensu. Sau da yawa idan uban yaro mai kuɗi ne ko mai muƙami sai a binne maganar, a wata makarantar kuɗi ma malamin da aka doka shi ake sa ya ba da haƙuri don kada a rasa kuɗin zango. Wannan cin amana ne. Waɗansu kuma sai su sallami yaron a asirce da takardar canjin makaranta mai kyau, su tura wa maƙwabta wutar da suka kasa kashewa. A ganina abin da ya dace shi ne a kira uba, a hukunta yaro gwargwadon laifinsa, ya nemi gafara a gaban waɗanda ya yi ɓarnar a gabansu, uba ya biya kuɗin magani, in an zubar da jini kuma a miƙa wa hukuma. A kuma bincika ko yaron yana shaye-shaye, ko ya faɗa hannun 'yan daba, gama wani dukan ba daga aji ya faro ba. In ya tuba a karɓe shi, ba a rufe wa yaro ƙofar da Allah bai rufe ba. Kowace makaranta kuma ta ajiye littafin horo, a rubuta laifin yaro da hukuncin da aka yi masa da sunan wanda ya zartar, domin ranar da uba ya zo da ƙorafi a buɗe masa ya gani da idonsa.

Ku sani, ya ku iyaye, malamin da aka doka aka kuma ƙyale shi ba kullum yake barin aiki ba. Yakan zauna, ya rubuta darasi a allo, ya karɓi albashinsa, amma daga ranar ko ya ga ɗanka yana tsallake katanga da tabar wiwi a aljihu sai ya kau da kai, sauran malaman da suka ga yadda aka yi da shi su ma haka za su yi.